Saura Minti Goma

Litinin da safe

'Yata Fensir,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da karatu da haƙurin zama nesa da gida. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ke yi mini gardama a kowace matakala, da idon hagu da ya fara yi mini hazo. Babanki ya leƙo ni shekaranjiya, ya cinye mini ayaba huɗu yana rantsuwa shi ba cin komai ya zo yi ba. Ban gaya masa zancenki ba, tunda kin ce in riƙe. Na riƙe, amma ba har abada ba.

Wasiƙarki ta iso tare da kwafin takardar asibiti. Kin ce kin haɗa kaya a akwati, za ki bar makarantar zanen gine-gine alhali saura wata uku ki gama, wai me mai cutar kansa, wato ciwon daji, za ta yi da takardar shaida. Sauke akwatin nan daga kan gado ki zauna, Gwaggonki za ta yi darasi.

Akwai wani ruɗani da kusan kowa ke faɗawa cikinsa, har da masu digiri. Mutane sun ɗauka sakamakon irin wannan gwaji iri biyu ne kawai: ko lafiya ƙalau, ko kansa. In ba su ga na farko a rubuce ba, sai su karanta na biyu, ko da ba wanda ya rubuta shi. Alhali akwai tsakiya, kuma tsakiyar nan tana da faɗi. A cikinta kike.

Ni ba likita ba ce, kin sani. Tsohuwar malamar kimiyyar halittu ce da ta shekara talatin da ɗaya tana sa ɗalibai leƙa madubin ƙara girma. Amma wannan takardar zan iya karanta miki ita. Bangon hanji daga ciki shimfiɗe yake da ƙwayoyin halitta, a jere reras kamar 'yan makaranta a layin taron safe: tsayi ɗaya, tazara ɗaya, kowa a wurinsa. Shekara tara ke nan babban hanjinki yana kumbura yana warkewa, kuma kowace warkewa sai jiki ya yi sababbin ƙwayoyi cikin gaggawa. Wanda aka sa ya kwafi shafi ɗaya sau dubu a guje, wata rana hannunsa zai goce. Abin da aka gani a ɗan gutsuren da aka tsinko ranar da aka leƙa hanjinki da kyamara shi ne wasu ƙwayoyi sun bar layi. Sun cunkushe, cibiyarsu ta yi girma ta yi duhu. Amma suna nan cikin fili, ba su haura katanga ba. Kansa ita ce wadda ta haura katangar ta shiga tsoka. Takardarki ta ce sauyi ne na mataki na ƙasa. Irin wannan wani yakan zauna shekaru bai motsa ba, wani kuma yakan ci gaba, kuma ba mai iya sanin wanne ne daga kallo ɗaya. Shi ya sa likitoci ke sa masa ido.

Maganar hantarki kuwa, da hanyoyin ruwan ɗacinta da ke tsukewa, tsohon labari ne da kika sani tun kina aji biyar. Na duba layi-layi, takardar nan ba ta ce ya ƙaru ba.

Kin tuna dokata ta ɗakin jarrabawa? Tambayar da ta tsorata ki, kada ki zauna kina kallonta tana kallonki. Sa mata ɗigo a gefe da fensir, ki wuce ki amsa waɗanda kika sani. To, sa wa wannan ɗigo, 'yata, ki koma kan teburin zanenki. Yarinyar da ta zane mini bangon falo da gawayi tana shekara huɗu, har sunan Fensir ya bi ta, ba za ta ajiye zane saboda takarda ɗaya ba.

Kada ki kira ni a waya. Kin san kunnena, rabin magana nake ji, sauran in ƙirƙira. Rubuto kamar yadda muka saba. Ga wasiƙarki na maido miki da gyaran jan biro a kanta kamar kullum. Layi ukun da hawaye ya ɓata ban duba su ba.

Gwaggonki


Asabar

Gwaggo ta kaina,

Wa alaikumus salam. Ina gwiwa, ina ido? Ki gaishe da Baba, ki kuma nemi wurin ɓoye ayaba. Ni lafiya lau. Cikina ya kwanta, ƙaiƙayin da hantar ke jawo mini ya lafa, ina cin abinci kamar mai gasa.

A tsaye na fara karanta wasiƙarki, a bakin akwatunan wasiƙu na ƙasan bene. Da na kai wurin 'yan layin taron safe sai na zauna kan matakala ina dariya ni kaɗai, masu wucewa suna kallona. Gwaggo, mako biyu ban yi numfashi har ƙasa ba sai ranar nan. Na hau ɗaki na zazzage akwatin. Doguwa, abokiyar ɗakina, ta shigo ta ga kaya a warwatse ta ce, "Ke wai tafiya za ki ko dawowa kika yi?" Na ce dawowa. Ba ta san komai ba. Ita dai tana ganin ina shan ƙwayoyi, ta yanke wa kanta hukuncin na ƙarin jini ne, ni kuma na bar ta a haka.

Bari in ba ki labarin aiki, tunda kin mai da ni kansa. Ɗakin zanenmu yana hawa na uku, tebura goma sha biyu, ko'ina warin gam da guntayen kwali, in kin taka ƙasa sai wani abu ya manne miki a takalmi. Aikina na ƙarshe ɗakin karatu ne na yara. Na sauko da tagogin ƙasa-ƙasa don mai shekara biyar ya ga waje yana zaune, na yi wani lungu mai zagaye da za a kwanta a yi karatu rub da ciki. Malaminmu, wanda muke kira Rula saboda ba ya iya magana sai da rula a hannu, ya zagaya samfurin da na yi da kwali sau biyu, ya ɗora rular a kan rufin, rufin ya lotsa. Ya ce, "Wannan rufin, addu'a ce ke riƙe da shi?" Duk aji suka fashe. Sai na sake shi daga farko.

Af, na bi dokarki. Asibiti sun aiko mini da rana, ashirin da uku ga watan jibi, za a sake leƙawa da kyamara, wai wannan karon har da wani shuɗin ruwa da ake fesawa a ciki. Ranar ta faɗo kwana biyu kafin in gabatar da aikina gaban alƙalai. Kin san yadda gwajin yake: yini guda kina shan ruwan wankin hanji kina zarya, washegari allurar barci ta kwashe sauran. A wurinmu kuwa kwana biyun ƙarshe su ne ran aiki. Don haka na sa wa takardar ɗigo da fensir, ɗigo na gaske a gefe, na cusa ta ƙarƙashin katakon zanena, na wuce. In na gama, na kuma yi wata shidan nan na koyon aiki a ofis, sai in dawo mata a tsanake. Tunda dai ba kansa ba ce.

Allah ya bar mini ke.

'Yarki,
Fensir


Laraba

Gwaggo,

Sallama da gaisuwa. Shiru haka? Mako biyar ke nan ba wasiƙa. Na tambayi Baba a waya ya ce kina lafiya, ido ne kawai ake fama da shi, sai ya koma ba ni labarin motarsa. Allah ya ƙara sauƙi.

Na ɗauki shirunki a matsayin maki mai kyau, don na san ki, in abu bai yi miki ba jan bironki ba ya kwana. Ni ina nan ƙalau. Ƙaiƙayin ya ɗan dawo a tafin ƙafa, amma gajiya ce. Ƙwayar rana wani lokaci sai yamma nake tunawa da ita, wani lokaci sai in gan ta a aljihu washegari. Asibiti sun kira sau biyu don in tabbatar da ranar, dukansu ina tsakiyar yankan kwali da reza, ban ɗauka ba.

Rufin ya tsaya. Rula ya ɗora masa rula ya ce "Hm", wanda a bakinsa yabo ne mai girma.

Ki rubuto ko layi biyu ne.

Fensir


Alhamis, sha huɗu ga wata

Fensir,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, kuma kada girman rubutun nan ya ba ki tsoro, sabon ido ne nake koya wa aiki. An cire mini yanar idon hagu, sai ya kumbura bayan aikin, likita ya hana ni karatu, babanki ya ɗauke ni zuwa gidansa. Na ce kwana biyar, suka riƙe ni mako bakwai. Wasiƙunki biyu suna nan kwance a akwatin wasiƙuna, sai jiya da na dawo na buɗe su. Ban ko cire takalmi ba na sa maƙwabciyata ta kira mini ke. Na yi ta ɗaga murya a waya, kika ce, "To, Gwaggo." Wannan kam kunnena ya ji shi sarai. Irin "to" ɗin nan ne da kike yi mini tun kina shekara bakwai in an ce ki wanke hannu. Shi ya sa na ɗauki biro, kuma da saƙon gaggawa zan aiko.

Laifin farko nawa ne. Rabin doka na rubuta miki. Tsoron nake nufin ki sa wa ɗigo, ba ranar ba, amma ban faɗa ba, na ɗauka a fili yake. Malama ta shekara talatin da ɗaya, kuma ta manta ba abin da yake a fili sai an faɗe shi.

Ga ɗaya rabin. Ba don a manta ake sa ɗigo ba, don a dawo ne. Kuma abin da ya sa dokar nan take aiki a ɗakina shi ne akwai ni a gaban aji, da agogona a kan tebur. In lokaci ya yi sai in ce, "Saura minti goma, a koma kan masu ɗigo." Sai ki ji takardu suna juyawa baya kamar an kunna fanka. Wata shekara mura ta ɗauke mini murya, sai na rubuta a allo maimakon in faɗa. Ba wanda ya ɗaga kai. Ɗalibai goma sha ɗaya suka miƙo mini takarda da ɗigo ba amsa. Wadda ta fi kowa a ajin, tambaya mai maki ashirin ta bari, kuma ta san amsarta. Shirun da na yi miki mako bakwai irin na ranar nan ne.

Yanzu ki saurara. Mai kumburin hanji kaɗai daban, mai kumburin hanji tare da tsukewar hanyoyin hanta daban. A wurin irinku sauyin nan ya fi saurin tafiya, shi ya sa tun farko ake leƙa ki kowace shekara. Likitarki ta gaya miki wannan a gabana, ina zaune a kujerar gefe da jakarki a cinya. Gutsuren da suka tsinko bai kai ƙwayar shinkafa ba, babban hanji kuwa ya kusa tsayinki. Abin da suke son sani shi ne daga ina ya fito, ina iyakarsa, kuma shi kaɗai ne ko da 'yan'uwa. Shuɗin ruwan da kike yi wa "wai" aikinsa ke nan. Kin tuna da muke ɗiga rini a kan fatar albasa, abin da ba a gani a madubi sai ya fito ɓaro-ɓaro? To haka. In sun ga wurin da gefensa, sau da yawa a nan take suke iya cire shi. Wata uku da wata tara ba ɗaya ba ne, 'yata. Tsakiyar da na ce miki tana da faɗi, ban ce ba ta da iyaka ba.

Ƙwayar da ke kwana a aljihunki ma ki fito da ita. In hanji ya kumbura ya yi ja, mai duba madubi yana wahalar bambanta ƙwayar halittar da ta fusata kawai da wadda ta karkace. Kada ki kai musu allo mai datti ki ce su karanta. Ƙaiƙayin nan kuma ki faɗa wa likita, ba ke za ki yanke cewa gajiya ce ba.

Ki kira asibiti yau ki ce kina nan zuwa. Ki sami Rula ki gaya masa gaskiya. Ni ban san shi ba, amma mutumin da ke gwada rufin kwali da rula ba zai raina maganar duba abu kafin ya rushe ba. Doguwa kuma dole ta sani, don ba za su sallame ki ke kaɗai bayan allurar barci ba. Da gwiwar nan za ta iya tafiyar yini biyu, da ni za ki gani a ƙofa.

Ki yi fushi da ni in kin ga dama, zan iya ɗauka. Saura kwana tara.

Saura minti goma, Fensir. A koma kan masu ɗigo.

Gwaggonki


Juma'a, ashirin da biyu, da hantsi

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Sannu da ido, Allah ya ƙara masa haske. Da na san abin ya kai haka da na matsa wa Baba ya bar labarin mota. Ina rubuto miki ne daga kujerar da na jawo kusa da ƙofar banɗaki. In kin ga rubutu ya yanke a tsakiya, kin san dalili.

Na yi fushin, kwana biyu cur. Sannan na gane ba da ke nake fushi ba. Ki daina ɗaukar laifin, Gwaggo. Na san ɗaya rabin dokar, a ajinki na zauna, na ji "saura minti goma" da kunnena ya fi sau ashirin. Na fahimce ki sarai tun wasiƙar farko, na dai karanta ta yadda nake so. Kuma ba aikin ba ne, ko da yake shi na sa a gaba. Kin ce ina tsakiya, na ji daɗin wurin. Muddin takardar na ƙarƙashin katako, ina nan a tsakiyar. In suka leƙa, suna iya cewa na tashi. Wannan ne gaskiyar, ban taɓa faɗa wa ko kaina ba sai yanzu.

Na je wurin Rula ranar Litinin, takardar a hannuna, ɗigon na nan a gefenta. Na ce, "Malam, ina da gwajin asibiti ranar ashirin da uku." Bai tambaye ni na mene ne ba. Ya karɓi takardar, ya duba ranar da aka rubuta ta.

"Tun yaushe kika san da wannan?"

"Wata biyu, Malam."

"Wato kin ga tsaga a ginshiƙi wata biyu, kika manna mata kwali kika ci gaba da fenti."

Ya ajiye rular a kan tebur, abin da ban taɓa gani ba, har hannunsa ya zama kamar ba nasa ba. Ya ce zai sa ni a rukuni na biyu, masu gabatarwa mako mai zuwa, wai dama ana ware wurare don irin haka. Ina kaiwa ƙofa ya ce, "Kuma lungun nan naki mai zagaye, ta ina iska za ta shiga?" Minti huɗu duka maganar ta ɗauka, Gwaggo. Wata biyu ina gudun minti huɗu.

Doguwa kuwa, da na gaya mata, sai da ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Shekara biyu muna ɗaki ɗaya, kina ƙarar mini da man shafawa, ki ce mini ƙwayar ƙarin jini ce?"

Na ce, "Ke kika ce, ni ban ce ba."

"Kuma kika bar ni kullum ina miki wa'azin ki ci ganye? Muguwa!" Sai ta fara kuka, sai na koma ni ke rarrashinta.

Yanzu ta zama ke. Ta haɗa ruwan wankin hanjin a jug, ta sa shi a firiji don an ce ya fi shayuwa da sanyi, ta tsaya a kaina da wayarta. Kofi ɗaya kowane minti goma sha biyar. Ɗanɗanonsa kamar an wanke tsabar ƙarfe da gishiri da lemo. In na yamutsa fuska sai ta ce, "Saura kofi shida, Hajiya, a daure." Tun safe ba abin da ya shiga cikina sai shayi ba madara. Ita kuma don mugunta

Na dawo. Na manta abin da zan ce ta yi.

Ina jin tsoro har yanzu. Amma gobe ƙarfe takwas ina can, in sha Allahu.

Fensir


Lahadi

Gwaggo ta kaina,

Sallama. Ina fatan ido ya ware, gwiwa ta yi biyayya. Ni lafiya, an sauya mini wani magani saboda ƙaiƙayin, ya kuma lafa. Na jira sakamako ya fito kafin in rubuto, kada in ba ki rabin labari. Mun daina rabi, ni da ke.

Likitata ta juyo mini da allon kwamfuta ta ce, "Ga shi nan." Wani wuri ne shimfiɗaɗɗe, bai kai farcen ƙaramin yatsana ba, shuɗin ya zagaye shi kamar an zana masa iyaka da biro. Ta ce ba don rinin ba, da wuya ido ya kama shi. Sun cire shi gaba ɗaya tun ranar. Mutum biyu suka duba shi a madubi, kowa daban: mataki na ƙasa ne har yanzu, gefunansa tsaf, sauran gutsuren da suka tsinko daga wurare dabam-dabam ba komai.

Na ce, "Shi ke nan, na gama?"

Ta ce, "A'a. Kin gama wannan."

Wata shida zan koma a sake leƙawa. A tsakani akwai hoton hanta da gwajin jini. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce in ya sake fitowa a wurare da yawa, ko ya hau mataki, za mu zauna mu yi maganar tiyata. Na tambaye ta da na zo bayan wata tara da yaya. Ta ce ita ba ta iya duba abin da bai faru ba, ta dai ji daɗi da ta same shi yana wannan girman. Na fito ban san ko murna zan yi ba, sai Doguwa ta yi mana mu biyu. Sai da muka hau mota na tuna tambayoyi huɗu da ban yi ba.

Na gaya wa Baba da Mama. Mama ta yi kuka, Baba kuwa ya ce, "Ashe Yaya ta sani tana kallona ina cin ayaba."

Na gabatar da aikina, na ci. Ɗaya daga alƙalan ya durƙusa ya leƙa ta ƙaramar taga.

Sabuwar takardar rana ta zo. Ban sa mata ɗigo ba. Amma Gwaggo, wata shida da nisa, ga sabon ofis, kuma na san halina. Za ki riƙa tuna mini?

'Yarki,
Fensir


Talata

'Yata Fensir,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi sau biyu, ɗaya don shuɗin ruwa, ɗaya don ƙaramar taga. Idona ya ware har na ga ƙurar da ke kan kabad ɗina, abin da ban roƙa ba. Babanki ya zo da ayaba dozin guda, ya ajiye, ya ci biyu. Ki gaishe mini da Doguwa, ki ce na ɗauke ta aiki.

Kin tambaya ko zan riƙa tuna miki. A'a. Kin ga abin da ya faru da kika dogara da muryata: ido ɗaya ya kumbura, aji ya yi shiru mako bakwai. Wannan jarrabawar mai tsawo ce, 'yata, ta fi ni tsawon kwana in Allah ya so. Tana bukatar mai tsaro da ba ya barin ɗakin.

Buɗe ƙunshin da ya zo da wasiƙar nan a hankali. Agogon ne, wanda ya zauna kan teburina a ɗakin jarrabawa shekara talatin da ɗaya. Gilashinsa ya tsage a gefe, ƙafarsa ɗaya gajera ce, sai an sa masa takarda a ƙasa yake tsayawa daidai. Kin ga takardar da za ki sa, sabuwar nan ta asibiti. Na san ba ya ƙirga watanni. Amma sai an murɗa shi kowace safiya, in ba haka ba ya tsaya. Ki ajiye ƙwayoyinki a gefensa. In kin ɗaga shi za ki murɗa, ranar za ta kalle ki, ki kalle ta, ki sha magani, ki tafi aikinki. Duk tambayar da ta faɗo miki, juya takardar ki rubuta a baya, ki fara da huɗun nan na cikin mota. Ranar da za ki koma, da ita za ki shiga wurin likita.

Kada ki yarda don na faɗa. Gwada wata ɗaya ki gani. In ya cika, ke za ki rubuto mini, tun ban tambaya ba, ki ce, "Saura wata biyar." Ni kuma in ajiye jan birona in ce, "To, Malama."

Gwaggonki